Barmo Magini da Wayar da Ke Tuna Masa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Buza ta nufi Deule, in ya kusa Kwarin Kalgo zai ga rumbunan ƙasa tun kafin ya ga mutum. Suna tsaye bisa duwatsu, ciki ya fito, wuya ya tsuke, kowane da hular jinkarsa, wasu ma sun fi ɗakunan masu su girma. Mutanen wurin ruhewa suke ce musu. In ka tambayi wanda ya gina, cikin goma za a ce maka bakwai aikin Barmo ne, sauran ukun kuma a kawar da kai don kada a ɓata wa wani.

Barmo ɗan tsohon gidan anna ne, masu bin addinin gargajiya. Mahaifinsa ya rasu tun bai yi wayo ba, kawunsa Jima ya riƙe shi, kuma Jima ne na ƙarshe a zuri'arsu da ke yanka jan zakara bisa dutsen tushe kafin ya fara gini. Barmo da salla ya tashi, bisimilla kawai yake yi ya ɗora ƙasa. Abin da ya gada wurin kawun nasa hannu ne. Jima ba mai bayani ba ne, sai dai ya kama hannunka ya manna a bango ya ce, "Ji." In ka ji, ka ji. In ba ka ji ba, gobe ma haka za a yi.

Wanda bai san aikin ba yana ɗauka rumbu kamar ɗaki ne, a tara mutane a tashe shi cikin kwana uku. Ba haka ba ne. Masu gida ke kawo ruwa, su kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa, su bar shi ya kwana. Magini ya zo ya ɗora zagaye ɗaya, tsawon taƙi guda, ya shafe ciki da waje, ya tafi abinsa. Ba ya ƙara wani sai na ƙasa ya sha iska daidai. In da ɗanye aka ɗora, nauyi zai danne shi ciki ya zube. In ya bushe ƙayau, sabon ba zai kama tsohon ba, bayan damina biyu tsaga ta fito a wurin ta tona asirin maginin. Tsakanin ɗanye da busasshe akwai ɗan lokaci, shi magini ke farauta. Barmo da bayan hannu yake gane shi, a gefen da rana ba ta bugawa, sannan ya ƙwanƙwasa ya saurara.

Saboda wannan jiran ne magini ba ya riƙe rumbu ɗaya. Yakan karɓi da yawa, ya riƙa zagayawa da jakinsa, yau nan gobe can. A ƙuruciyarsa Barmo ya riƙe goma sha biyu a ƙauye uku, duk a ka: wane yana zagaye na nawa, wane ƙasarsa mai saurin bushewa ce, wane gidan matansa ba su kawo ruwa sai an yi faɗa. Bai taɓa rubutawa ba, bai ma iya boko ba. Sau ɗaya tak ya tafi cin rani Abijan kamar sauran samarin Adar, ya yi wata takwas yana talla ya dawo, ya ce garin da ba a ajiye hatsi ba wurin zamansa ba ne. Ya auri Dije, suka haifi shida, huɗu suka rayu. Mazan uku suna Aljeriya. Macen, Hindatu, ta yi lakol, wato makarantar boko, tana aiki a asibitin Deule inda take aure. Shekara arba'in da ɗoriya yana gini, babu rumbunsa ko ɗaya da ya taɓa faɗuwa, kuma ba mutum ne mai ɓoye jin daɗin hakan ba.

Mantuwa da ƙananan abubuwa ta fara masa. Ya nemi carbi yana wuyansa, ya kira maƙwabci da sunan ubansa da ya daɗe da rasuwa. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ranar da dariyar ta ƙare masa ita ce ranar da ya tsaya a mararrabar bayan gari riƙe da igiyar jaki, bai san gidan da ya fito zuwa ba. Ya daɗe tsaye, har jakin ya gaji ya juya gida, shi kuma ya bi jaki. Da safe kansa garau yake, amma daga rana ta karkata sai abubuwa su fara zamewa. A ranin nan ya bar rumbun wani gida kwana takwas bai leƙa ba, ya dawo ya tarar ya bushe, ya kankare baki ya jiƙa, ya ce wa mai gidan da gangan ya yi. Ƙarya ce, kuma ita ce ta farko da ya taɓa yi a kan aikinsa. Ta dame shi fiye da mantuwar.

Dije ta lura, ta aika wa ɗiyarta. Hindatu ta zo ranar Juma'a, ta same shi ƙarƙashin bishiyar bedi yana gyaran igiya.

"Baba, Inna ta ce ba ka jin daɗi. Mi as same ka?"

"Innarki ta cika magana. Lahiyata lau."

"Rumbu nawa ka karɓa bana?"

Ya fara lissafi da yatsu, ya kai biyar ya tsaya, ya sake daga farko. Hindatu ta sunkuyar da kai don kada ya ga idonta. Can ya ajiye igiyar ya ce, "Ɗiyata, kaina shina yoyo. Na sani. Abu guda nika so, in gama ranin ga, in aje aiki da hannuna. Ban so aiki shi aje ni mutane na kallo."

Hindatu da waya take tafiyar da aikinta. Ranakun rigakafi, matan da za su dawo awo, ƙauyen da za a fita, duk suna cikin ajandar wayarta, ita ke buga mata ƙararrawa. Ta kawo masa wata waya da ƙanenta ya aiko, da ƴar fitila mai cajin rana. Ita da Dije suka ƙirga rumbunan suka samu tara. Ta bi gida gida kamar mai gaisuwa ta ɗauki hoton ƙofar kowane, ta jera su cikin ajanda, tunda rubutu ba zai amfane shi ba. In ya ɗora zagaye, sai ya ɗauki hoton rumbun ya taɓa wani ɗan da'ira ya koma kore, wayar kuma ta fara ƙirga kwanakin komawa. Maimakon ƙarar ƙararrawa ta ce ya yi magana da bakinsa, da safe lokacin da kansa ke daidai, wayar ta riƙa maimaita masa.

Ya ji kunyar wannan ƙwarai. Sai da ya kori Dije daga tsakar gida, ya gyara murya, ya gaida kansa kamar baƙo: "Barmo, ina kwana. Yau gidan Iliyasu za ka. Ka ɗora zagaye. Kada ka tsaya hira." Haka ya yi wa gida tara, kowane da sunansa.

Wuri ɗaya suka yi gardama. Hindatu ta tambaye shi kwana nawa za ta sa tsakanin zagaye da zagaye.

"Rumbu bai san kwana ba," in ji shi. "Sai ya yi."

"Baba, waya ba ta san 'sai ya yi' ba. Lamba taka so."

Ya dubi sama, rana ƙwal, iska busasshiya. Ya ce to, ta sa biyu.

Wata biyu abin yana tafiya kamar an yi masa addu'a. Wayar na aljihun taguwarsa, ta yi magana ya karkata jaki. A majalisa aka fara tsokanarsa, wai Barmo ya zama komanda, ba ya fita sai da ajanda. Ya bar su suna dariya, don dariyar ta fi masa tausayi sauƙi. Sau biyu ya yi wa wayar musu. Ta ce gidan wane, ya rantse jiya ya je, ya duba hoto ya ga shi ne bai je ba. Daga na biyun ya yi wa kansa alkawari: wanda ke magana cikin waya Barmon safe ne, mai hankali, shi kuwa da ke yawo da jaki ba abin yarda ba ne. Duk abin da wancan ya ce, shi za a yi. Wa zai ga laifinsa? Mutumin da kansa ya yaudare shi sau biyu a gaban idonsa ba ya sake ba shi amana.

Rumbun Iliyasu shi ne babba cikin taran. Iliyasu manomi ne mai iyali da yawa, gonarsa na cikin kwari, ya ce yana son wanda zai ci damin shekara biyu. Ginin ya kai daidai inda ciki ya fi faɗi, inda bango ke jingine bisa iska, lokacin da aka yi wani ruwan bazara da ba a zata ba. Ba ruwan shuka ba ne, yayyafi ne, amma ya bar gari a lulluɓe kwana biyu, rana ba ta fito ba, iska ta yi nauyi. Ranar ta uku bayan azahar wayar ta yi magana. Barmo ya je, ya tarar an kwaɓa ƙasa ana jiransa. Ya kai bayan hannunsa gefen inuwa kamar yadda ya saba, ya ji sanyi. Ya ƙwanƙwasa, bangon bai amsa ba.

Ya tsaya. Hannunsa ya ce a'a. Ya ciro wayar ya sake taɓawa, muryarsa ta fito a natse, ba shakka a cikinta: ka ɗora zagaye. Ya duba hoto, kwana biyu sun cika cif. Tsoro ya kama shi, tsoron kada wannan sanyin ma wani yoyon ne na kansa, kada ya koma gida a banza gobe ya tarar ya sake barin rumbu ya bushe. Bai zo masa a rai ba cewa ciwon a ka yake, bai sauko hannu ba tukuna. Ya yi bisimilla ya hau.

Ya gama, ya wanke hannu, matar gida ta kawo fura. Yana cikin sha aka ji wani nishi daga bayan ɗaki. Cikin rumbun ya kumbura ta gefen gabas, ya tsage, ya durƙusa a hankali, sauran bangon ya bi shi. Allah ya kiyaye ba kowa kusa. Kafin a ce me, gidan ya cika, har da Alƙasim, ɗayan maginin garin, wanda Barmo ya yi shekara talatin bai yabi aikinsa ko sau ɗaya ba.

Iliyasu mutumin kirki ne, ya yi saurin neman masa mafita. "Ƙasar ce ba ta da kyau, Barmo. Na hwaɗa musu kada su ɗebo ta bakin gulbi." Matan gidan suka shirya ɗaukar laifin. Da Barmo ya gyaɗa kai kawai, da maganar ta mutu a nan. Amma ya riga ya ɗanɗani ƙarya sau ɗaya a wannan ranin, bai ji zai iya ta biyu ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ƙasa ba ta da laihi," ya ce. "Ɗanye ne, na ji shi da hannuna, na ɗora. Jama'a, kaina ya taɓu. Tun bara nika mantuwa. Wayar ga da kuka yi ma dariya, ita ka gwada min hanyar gidajenku."

Alƙasim ne ya fara motsi, ya je ya kwance jakin ya miƙa masa igiya da hannu biyu. Barmo ya karɓa ya fita, bai waiga ba. Baƙin cikin da ya shiga ranar ya fi na ranar da ya binne ƴaƴansa biyu, shi da kansa ya faɗa wa Dije haka, ya kuma roƙi Allah gafarar faɗar.

Hindatu ta zo washegari da safe bisa babur, ido ya kumbura. Ta ce ita ta jawo, ita ta matsa masa ya ba ta lamba, ta ce a ba ta wayar ta jefa rijiya.

"Waya ba ta yi ƙarya ba," ya ce. "Abin da nac ce mata shi tac ce min. Buɗe min su in gani."

Ta buɗe. Hotuna tara suka jeru, takwas da ginin da ya yi nisa, wasu saura wuya kawai, na tara tarin ƙasa. Damina ba ta fi kwana arba'in ba, in ta yi jinkiri. Ya daɗe yana kallo, yana matsar da su da yatsa sama da ƙasa. Sannan ya fara nunawa ɗaya ɗaya yana cewa ta cire. Kafin ta cire kowane sai ya sa ta ɗauki muryarsa: gidan wane ƙasarsu na da yashi, a ƙara ciyawa, na wane ya ɗan karkata yamma tun zagaye na huɗu, a jawo shi a hankali, gidan wane a je da safe, in rana ta yi ba a samun ruwa. Abin mamaki, da hoto a gabansa babu abin da ya ɓace masa. Da suka gama ya sa hula, ya taka da ƙafarsa har gidan Alƙasim, Hindatu na biye. A zaure ya ce masa, "Na zaka in ba ka takwas. Hannunka na da kyau, na daɗe da sani, girman kai ya hana ni hwaɗi." Hindatu ta tura hotunan da muryoyin cikin wayar Alƙasim, shi kuwa ya rasa inda zai sa idonsa.

Da suka dawo Dije ta kasa haƙuri. Ta ce in ɗaya zai riƙe, me ya hana ya riƙe wanda saura wuya, ya gama cikin mako ya huta da mutuncinsa? Me zai kai shi ga wanda za a faro daga dutse, ga hadari na haɗuwa?

"Waɗancan kowa na iya gama su," ya ce. "Wanda yah hwaɗi shi an nawa."

Ya sa Hindatu ta share ƙirgar kwanaki gaba ɗaya. Saƙo ɗaya ya rage, kullum bayan hantsi ya fito, kuma ya sake ɗaukarsa: "Barmo, tahi gidan Iliyasu ka taɓa. In ka ji sanyi, komo gida. Ba a koranka." Shi ke nan abin da ke cikin ajandar, hoton ƙofa ɗaya da wannan magana.

Haka ya yi kwana talatin da bakwai. Aka kwashe ɓaraguzan, aka sake jera duwatsu. Wata rana ya je ya taɓa ya hau, wata rana ya je ya taɓa ya juya ko zama bai yi ba, ƙasar da aka kwaɓa ta jira gobe. Iliyasu na kallon gabas yana haɗiye magana, don kowace yamma hadari sai ya ƙara matsowa, amma bai taɓa ce masa ya hanzarta ba. Akwai ranakun da Barmo zai iso ƙofar gidan bai san sunan mai gidan ba, ya yi sallama kawai ya wuce wurin aikinsa, su kuma su yi kamar ba su lura ba. Da ginin ya kai faɗin ciki, inda wancan ya zube, ya bar shi kwana huɗu cur. Mutanen gari har sun fara cewa tsoro ne ya kama shi. Ranar ta biyar ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ce a miƙo ƙasa.

Ya tsuke wuya, ya shafe baki, maza shida suka ɗaga jinka suka kifa. Ya sauko daga tsani da kansa, ya wanke hannu har gwiwa, ya juya ga waɗanda ke wurin ya ce, "Na aje. Ku yahe min." Suka ce sun yafe, shi ma ya yafe musu. Ya miƙa wa Hindatu wayar ya ce ta kashe maganar, ta gama aikinta. Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwan shuka.

Yau shekara biyu ke nan. Barmo na nan da rai, jiki da sauran ƙarfi, amma kan ya tafi kusan duka. Ba ya fita shi kaɗai. Dije ce kawai ba ta taɓa ɓace masa ba, Hindatu kuwa wani lokaci ya san ta, wani lokaci ya gaishe ta da ladabi kamar matar wani. In ta zo ranar Juma'a takan riƙe hannunsa su zaga gari da safe don ƙafarsa ta saki.

A kakar da ta wuce suka bi ta ƙofar Iliyasu ana zuba damman hatsi. Barmo ya tsaya cak. Ya saki hannunta ya nufi rumbun, mutane suka buɗe masa hanya. Ya zagaya shi sau ɗaya a hankali, ya ɗaga kai ya dubi wuyan, ya shafa cikin da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa nan da can yana kasa kunne. Fuskarsa ta saki, irin sakin da Hindatu ta daɗe ba ta gani ba.

"Wanga rumbu, wa yag gina shi?" ya tambaye ta.

Masu zuba hatsi suka tsaya da dami a ka. Kafin Hindatu ta amsa, ya ƙara tambaya.

"Shina nan da rai?"

"Shina nan, Baba."

"To, in kin gamu da shi ki gaishe shi," ya ce. "Ki ce mai bai yi gaugawa ba."